Ƙidayar Kunnuwa: Yadda Ake Auna Masu Sauraron Rediyo a Duniya

Duk cikin kafofin yaɗa labarai babu wadda ta kai rediyo wuyar sanin yawan mutanen da take isa gare su, domin mai jarida yana iya ƙirga kwafen da ya buga da waɗanda dillalai suka dawo masa da su, mai gidan sinima kuma yana da tikitin da ya sayar a bakin ƙofa, amma muryar da ta tashi daga turken watsa shirye-shirye ba ta dawowa da labarin gidajen da ta shiga. Akwatin rediyo karɓa kawai yake yi, ba ya aika komai zuwa tashar da ya kamo. Wannan ya sa duk adadin da aka ji an ambata na masu sauraron wani shiri, a Landan ne ko a Kano, ƙiyasi ne da aka gina a kan amsoshin mutane kaɗan, sannan aka faɗaɗa shi ya game al'umma baki ɗaya. Ƙiyasi ba aibi ba ne muddin an yi shi bisa ƙa'ida. Matsalar tana kunno kai ne a lokacin da aka jera alƙaluman ƙasashe dabam-dabam aka ce wannan shiri ya fi wancan masu sauraro a duniya, alhali kowanne da irin mudun da aka auna shi, kuma duk wanda ya taɓa sayen hatsi a kasuwanni biyu ya san cewa sunan mudu ɗaya ne amma cikinsa ba ɗaya ba ne.

Manyan gidajen rediyon da ke watsa shirye-shirye zuwa ƙetare su ne suka fi fitar da alƙaluma masu ɗaukar hankali. A shekarar 2024 BBC ta bayyana cewa tana isa ga mutum miliyan 450 a kowane mako, daga cikinsu miliyan 320 ta hannun sashenta na duniya, wanda ya samo asali tun 1932. A shekarar ce kuma hukumar gwamnatin Amurka da ke kula da Muryar Amurka da takwarorinta ta ba da adadin miliyan 427, yayin da Deutsche Welle ta Jamus ke maganar fiye da miliyan 300, gidan rediyon Faransa na RFI kuma kimanin miliyan 60. Abin da mai karatu ya kamata ya fara lura da shi shi ne cewa uku na farkon ba alƙaluman rediyo zalla ba ne, domin sun haɗa masu kallon talabijin da masu shiga shafukan intanet. A shekarar 2009, lokacin da rediyo ne ƙashin bayan aikin sashen BBC na duniya, adadinsa miliyan 188 ne a mako, kuma wanda ya ajiye wannan kusa da miliyan 320 na 2024 ya ce masu sauraron rediyo sun kusa ninkawa, ya kwatanta abubuwa biyu da ba jinsi ɗaya ba.

Asalin ma'aunin

Masu talla ne suka fara matsa lamba a ƙirga masu sauraro, tunda su ke biyan kuɗin shirye-shirye a Amurka kuma suna son sanin abin da kuɗinsu ya saya. A 1930 Archibald Crossley ya soma buga wa gidaje waya yana tambayar abin da suka saurara a baya, hanyar da ta dogara ga tunawar mutum. A 1934 C. E. Hooper ya zo da wata dabara, wato a buga waya a daidai lokacin da shirin ke gudana a tambayi mutum abin da yake saurare a yanzu, don a kauce wa mantuwa. A Ingila, inda ba talla ke ɗaukar nauyin BBC ba, an kafa sashen binciken masu sauraro a 1936 ƙarƙashin Robert Silvey, sannan a 1942 kamfanin Nielsen ya fara amfani da wata na'ura da ake haɗawa da akwatin rediyo tana rubuta tashar da aka kama da tsawon lokacin da aka yi a kanta. Tun daga wancan zamani hanyoyi uku ne ake ta juyawa a kansu, wato a tambayi mutum abin da ya tuna, ko a sa shi ya riƙa rubutawa da kansa, ko a bar na'ura ta yi shaida, kuma kowacce tana da irin kuskuren da take jawowa.

Tun a farkon lamarin aka ga yadda hanyoyi biyu kan ba da labari biyu a kan dare guda. A ranar 30 ga Oktoba, 1938, Orson Welles ya gabatar da wasan kwaikwayon nan na mamayar halittun duniyar Mars a tashar CBS, wanda jaridu suka ce ya firgita Amurka. Kamfanin Hooper, da ya buga wa gidaje 5,000 waya a daren, ya samu cewa kimanin kashi 2 cikin ɗari ne kawai ke sauraron wasan, domin mutane da yawa suna kan wani shirin barkwanci na tashar NBC. Amma binciken da Hadley Cantril na jami'ar Princeton ya wallafa a 1940, wanda ya dogara ga tambayoyin da aka yi bayan makonni, lokacin da labarin ya riga ya cika gari, ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 6 ne suka saurara. Darasin da masana suka ɗauka shi ne cewa shirin da ya yi suna yakan samu masu cewa sun ji shi fiye da waɗanda suka ji shi da kunnensu, kuma wannan rauni yana nan har yau a duk binciken da ya dogara ga tunawa.

Kalmar "mai sauraro" kanta tana buƙatar fassara kafin a yi lissafi da ita. Ma'aunin da aka fi ambata shi ne isar mako, wato yawan mutane dabam-dabam da suka saurari tasha aƙalla sau ɗaya cikin kwana bakwai, kuma a nan wanda ya yi minti biyar da wanda ya kwana ya wuni da rediyo a kunne duk mutum ɗaya-ɗaya ake lissafa su. Akwai kuma matsakaicin masu sauraro a kowane rubu'in sa'a, wanda ke nuna yawan mutanen da ke tare da shirin a kowane lokaci, kuma kullum yakan yi ƙasa da isar mako nesa ba kusa ba, domin shirin da miliyan goma suka leƙa cikin mako zai yiwu miliyan ɗaya ko biyu ne ke tare da shi a kowane minti goma sha biyar. Masu talla sun fi damuwa da na biyun, su kuwa gidajen rediyo sun fi son ambaton na farkon saboda ya fi girma.

A Birtaniya hukumar RAJAR, wadda BBC da gidajen rediyo masu zaman kansu suka kafa tare a 1992, tana ba mutane littafin mako guda da aka rarraba shi gida-gida na minti goma sha biyar, su riƙa yin alama a kan tashar da suka saurara, kuma ana lissafa wanda ya kai shekara 15 ya kuma yi aƙalla minti biyar a jere. A Faransa kamfanin Médiamétrie ya fi ba da adadin yini maimakon na mako, kuma yana farawa daga masu shekara 13. A manyan biranen Amurka kuwa, tun daga 2007 kamfanin Arbitron, wanda Nielsen ya saye a 2013, ya koma ga wata ƙaramar na'ura da mutum ke rataya a jiki, wadda ke tsinto wata ɓoyayyiyar alama da tashoshi ke cusawa cikin sautinsu, alamar da kunnen ɗan Adam ba ya ji. Na'urar tana da abin gane motsi don a tabbatar ba a ajiye ta a kan tebur aka fita ba, kuma ana ba da ita har ga yara masu shekara 6. Da aka fara amfani da ita sai aka ga mutane suna jin tashoshi da yawa fiye da yadda suke rubutawa a littafi, amma lokacin da suke yi a kan kowacce ya gaza wanda suke faɗa, domin na'urar tana lissafa har rediyon da ke tashi a shagon aski ko a motar haya, mai littafi kuwa tashar da yake ƙauna yake tunawa, ya kuma ƙara mata lokaci. A farkon 2025 Nielsen ya rage sharaɗin minti biyar zuwa uku a waɗannan birane, abin da ya ɗaga alƙaluman tashoshi ba tare da wani sabon mutum ya kunna rediyo ba.

Shiri da tasha

Idan auna tasha a ƙasa guda yana da wannan sarƙaƙiya, auna shiri guda da ke fita a ɗaruruwan tashoshi ya fi ta. Rush Limbaugh, wanda ya rasu a 2021, shirinsa na siyasa ya kasance yana fita a tashoshi kusan 600 a Amurka, kuma an daɗe ana cewa yana da masu sauraro miliyan 20 a mako, yayin da mujallar Talkers, wadda aka fi dogara da ita a wannan fanni, ta ƙiyasta kimanin miliyan 15, kuma ita kanta ƙiyasi take kiran alƙalumanta. Shirye-shiryen labarai na gidan rediyon jama'a na NPR, wato Morning Edition da All Things Considered, sun taɓa kai wajen miliyan 14 kowanne, kuma nasu adadin ya fi tsayuwa da ƙafarsa tunda daga ma'aunin Nielsen aka haɗo shi. Daga nan sai shirye-shiryen kiɗa da ake sayar wa tashoshin ƙasashe da dama, irin su A State of Trance na Armin van Buuren ɗan ƙasar Holan, wanda ya fara a 2001, kuma masu shi ke cewa yana da kimanin miliyan 40 a mako a ƙasashe fiye da 80. Babu wata hukuma guda da ke auna waɗannan ƙasashe duka da ma'auni ɗaya, don haka irin wannan adadi daga masu shirin yake fitowa, kuma jarabawar da ke gaban duk mai haɗa shi ita ce ya tara masu sauraron tashoshin da ke ɗaukar shirin gaba ɗaya, ko ma yawan jama'ar da zangon tashoshin ke iya kaiwa, ya kira su masu sauraron shirin.

Misalin Indiya ya fi kowanne nuna girman tazarar. Firayim Minista Narendra Modi ya fara shirinsa na wata-wata mai suna Mann Ki Baat a gidan rediyon gwamnati a ranar 3 ga Oktoba, 2014, kuma gab da fitowa ta 100 a Afrilun 2023 wata cibiyar koyar da harkokin gudanarwa da ke Rohtak ta fitar da sakamakon binciken da hukumar watsa labaran ƙasar ta sa ta yi, inda ta ce mutum miliyan 230 ne ke sauraron shirin a kai a kai, kuma biliyan ɗaya sun taɓa jin sa ko da sau ɗaya. Mutum dubu goma da 'yan kai aka tambaya. Idan aka karɓi wannan adadi yadda yake, to babu wani shiri a Amurka ko Turai da ya kama ƙafarsa, sai dai akasarin waɗanda suka amsa ta talabijin da wayar hannu suke bin shirin, shirin kuma na wata-wata ne ba na mako ba, sannan wanda ya ba da aikin binciken shi ne mai watsa shirin. Duk jerin da ya sa wannan adadi a layi ɗaya da na RAJAR ya haɗa abin da aka auna a kowane wata uku bisa ƙa'idar da abokan hamayya suka amince da ita, da abin da aka auna sau ɗaya domin biki.

Masu sauraro a bayan iyaka

Gidajen rediyon ƙetare sun daɗe suna dogara ga wasiƙu, kuma duk wanda ya girma yana jin shirin Amsoshin Takardunku ya san matsayin wasiƙa a wurinsu. Amma wasiƙa tana nuna wanda ya iya rubutu, yake da kuɗin kan sarki, yake kuma kusa da gidan waya, ba ta nuna yawan masu sauraro. Graham Mytton, wanda ya yi bincike a Tanzaniya da Zambiya kafin ya jagoranci sashen binciken masu sauraron BBC na ƙetare daga shekarun 1980, yana cikin waɗanda suka dage a kan cewa ba abin da zai maye gurbin zaɓen mutane bisa ƙa'idar samfuri, wato a ɗebo mutane kaɗan ta yadda kowane baligi a ƙasa ke da damar faɗawa ciki, a kuma yi musu tambayoyi iri ɗaya. Daga baya masu bincike na manyan gidajen suka kafa dandalin CIBAR don daidaita ma'aunansu, kuma isar mako a tsakanin manya ita ce ta zama mudun da akasarinsu suka yarda da shi.

Inda ba a iya shiga a yi tambaya, sai a yi dabara. A zamanin yaƙin cacar baka, ofishin binciken tashar Yamma ta Radio Liberty da ke Paris, wanda R. Eugene Parta ya jagoranta, ya tattara hirarraki fiye da 50,000 da 'yan Tarayyar Sobiyat da suka fito ƙasashen Yamma tsakanin farkon shekarun 1970 da 1990, sannan aka yi amfani da wani tsarin lissafin kwamfuta da aka ƙirƙira a jami'ar MIT don gyara son kan samfurin, tunda matafiya sun fi sauran jama'a ilimi da zama a birni. Ƙiyasin da aka samu shi ne cewa kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na manya a ƙasar suna sauraron wata tashar Yamma a mako, kuma da aka daina toshe zangon Radio Liberty a Nuwamban 1988 masu sauraronta sun yi tashin gwauron zabo. Irin wannan hanya ce ake bi har yanzu game da Koriya ta Arewa, ta hanyar tambayar waɗanda suka tsere.

Lissafin da ke bayan adadin duniya ba shi da wuyar fahimta. A ɗauka, don misali kawai, an tambayi mutum 3,000 a wata ƙasa mai manya miliyan 100, sai 600 suka ce sun saurari wata tasha cikin makon da ya wuce. Wannan kashi 20 ne cikin ɗari, don haka sai a rubuta miliyan 20. Ko da an zaɓi mutanen ba tare da wata tangarɗa ba, ilimin ƙididdiga ya nuna cewa adadin na iya hawa ko sauka da kusan miliyan ɗaya da rabi. Sai a yi haka a ƙasashe masu yawa a tara, amma da yake babu gidan da ke da kuɗin bincika kowace ƙasa a kowace shekara, akan riƙe sakamakon 'yan shekarun baya har sai an sake sabo, ta yadda adadin shekara guda yakan ƙunshi amsoshin shekaru dabam-dabam. Sannan akwai adadin da ake ninkawa da shi, wato yawan jama'ar ƙasa, wanda shi ma a wurare da yawa hasashe ne. Rabon Nijeriya da ƙidayar jama'a tun 2006, lokacin da aka samu miliyan 140, Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango kuwa tun 1984, kuma ƙasashen biyu suna cikin manyan kasuwannin rediyon ƙetare a Afirka.

Ƙasar Hausa a kan sikeli

Wannan batu ya shafi Hausawa kai tsaye, domin kaɗan ne cikin harsunan duniya suka tara gidajen rediyon ƙetare kamar Hausa. BBC ta buɗe sashenta a ranar 13 ga Maris, 1957, da shirin minti goma sha biyar wanda Aminu Abdullahi Malumfashi ya gabatar, Jamus da Sin suka biyo baya a 1963, Muryar Amurka a 1979, RFI kuma a 2007. Alƙaluman da BBC ta riƙa bayarwa na sashen Hausa a shekarun baya suna kaiwa da komowa a wajen miliyan 20 a mako, abin da ya sa shi cikin manyan sassanta na harsuna, kuma Nijeriya ta daɗe tana cikin ƙasashe ukun da suka fi ba BBC jama'a, tare da Indiya da Amurka. Ma'ana, wani kaso mai tsoka na adadin da ake sanarwa a Landan daga Kano da Katsina da Maraɗi da Damagaram ya fito, kuma ingancinsa ya rataya ne a kan yadda aka yi tambaya a waɗannan wurare.

Ma'aunan da aka ƙirƙira a Amurka da Turai sun ɗauka cewa kowane gida yana da akwatinsa kuma mai sauraro ya san tashar da ya kama. A ƙasar Hausa kuwa, tun zamanin akwatunan waya da Turawan mulkin mallaka suka kafa a Kano a shekarun 1940, har da lasifikoki a wuraren taruwar jama'a, sauraro abu ne na tarayya. Da ƙarfe shida da rabi na safe rediyo ɗaya ce a kan teburin mai shayi, an jingina ta da gwangwanin madara an zaro eriyarta, mutum goma ko fiye suna zaune a benci, wani ya zo a tsakiyar labaran duniya, wani ya tashi kafin rahotanni, kuma da dare haka abin yake a majalisa, ko a fada kamar yadda matasan Nijar ke kiran dandalinsu. Wanda ya ƙirga akwatuna zai samu ɗaya. Wanda ya tambayi mutanen bayan kwana biyar zai samu wasu sun ce Landan suka ji alhali Jamus ce, tunda shirye-shiryen suna bin juna a jere kuma mai rediyon yana murɗawa daga wannan zuwa wancan da zarar an yi sallama. A irin wannan hali tashar da ta fi suna ita ke kwashe ladan sauran, kuma masu bincike na ƙwarai sukan rage wannan kuskure ta hanyar tambayar lokacin da aka saurara, da sunan shiri irin su Ra'ayi Riga, da sunan mai gabatarwa.

Sai kuma batun shiga gida. Mai tambaya da ya yi sallama a ƙofar gida a ƙauye maigida ne zai fito masa, a zauna a zaure, kuma idan ƙa'idar samfuri ta faɗa a kan matar gida, to sai in akwai mace a cikin masu binciken za a kai gare ta. Matan da ke cikin gida suna daga cikin waɗanda suka fi kowa daɗewa tare da rediyo, tana tashi a tsakar gida suna girki ko saƙa ko ƙullin kayan sana'a, amma su ne suka fi saurin faɗuwa daga lissafi idan aka yi gaggawa ko aka yi tsimin kuɗi. Hanyar tambaya ta saƙon waya, wadda kamfanoni irin su GeoPoll suka shigo da ita ƙasashen Afirka a shekarun 2010, ta kawo sauri da araha, har ana iya samun sakamakon jiya a yau, sai dai tana kaiwa ne ga mai waya, mai caji, wanda ya iya karanta saƙo ya mayar da amsa. Rashin tsaro ya ƙara taƙaita wuraren da mai bincike ke iya taka ƙafa a sassan Zamfara da Borno da yammacin Nijar, kuma waɗannan su ne wuraren da rediyo ta fi zama abin dogaro. A ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci ma, binciken Africascope na kamfanin Kantar a manyan birane yake tsayawa.

Dokokin ƙasa su ma suna sauya abin da ake aunawa. A 2004 hukumar kula da gidajen rediyo da talabijin ta Nijeriya ta hana tashoshin cikin gida ɗaukar labaran kafofin ƙetare kai tsaye, abin da ya bar masu sauraron Nijeriya a kan gajeren zango, yayin da a Nijar da Ghana aka ci gaba da kama shirye-shiryen a tashoshin FM na abokan hulɗa. Wannan ya zo daidai da bunƙasar tashoshi masu zaman kansu a Arewa, irin su Freedom Radio da ta fara a Kano a 2003, waɗanda shirye-shiryensu kamar Inda Ranka suka shiga gogayya da na ƙetare a kan kunne ɗaya. Wanda ke jin shirin ƙetare ta tashar garinsu sau da yawa sunan tashar garin zai ambata, don haka tsarin watsawa kaɗai yana iya ɗaga adadi a wata ƙasa ya sauke shi a maƙwabciyarta, ko da son shirin ɗaya ne.

Abin da ya sa wannan lissafi ya wuce gardamar masana shi ne cewa da shi ake raba kuɗi. Binciken Afrobarometer na 2021 zuwa 2023 a ƙasashe 39 ya nuna cewa kimanin kashi biyu cikin uku na manya a Afirka suna samun labarai ta rediyo aƙalla 'yan lokuta a mako, fiye da kowace kafa. Amma mai sauraron rediyo yana da tsadar ƙirgawa, sai an tura mutane da mota da takardu, shi kuwa mai latsa bidiyo a Facebook ko YouTube na'ura ce ke ƙirga shi nan take ba tare da an kashe ko kwabo ba, ko da daƙiƙa kaɗan ya yi ya wuce, kuma a ma'aunin da masana'antar fodkas ta amince da shi, sauke abin da ya kai minti ɗaya na shiri ya isa a lissafa, ko an saurara ko ba a saurara ba. Shugaban gidan rediyon da ke gaban majalisar dokoki yana neman kasafi ya fi samun sauƙin kare adadin da ke sabuntuwa kullum a kan wanda aka samo shekara uku da suka wuce a ƙauyukan da ba a sake komawa ba. A 2010 BBC ta sanar da asarar masu sauraron gajeren zango miliyan 20 cikin shekara guda, a 2011 ta rufe sassa biyar, a Janairun 2023 kuma ta kashe rediyon Larabci bayan shekara 85, kafin yaƙin Sudan da ya ɓarke a Afrilun shekarar ya tilasta mata buɗe shirin gaggawa na rediyo domin mutanen da intanet ta yanke musu.

A ƙasar Hausa kanta, cikin ƙasa da shekara biyu taswirar sauraro ta sauya fiye da yadda binciken shekara-shekara zai iya bi. Gwamnatin sojan Nijar ta dakatar da RFI a Agustan 2023, ta kuma dakatar da BBC na wata uku a Disamban 2024, sannan a tsakiyar Maris na 2025 Muryar Amurka ta yi tsit bayan umarnin Shugaba Donald Trump na rage hukumar da ke kula da ita, har da sashen Hausa da ya shekara 46 yana watsa shiri. Miliyoyin da aka lissafa wa waɗannan gidaje a rahotannin 2024 suna nan da akwatunansu da wayoyinsu, sun murɗa zuwa wasu tashoshin, kuma gano inda suka koma yana buƙatar a sake tura masu tambaya, maza da mata, zuwa zaurukan Gobir da Daura da Damagaram, da kuɗin gidajen da a yanzu kasafinsu ke raguwa.